Injin Aro na Kawu Idi

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin ruwa a ƙauyenmu ya ga abin nan da idonsa, don haka ba mai cewa na ƙara gishiri. Kullum bayan sallar asuba Kawu Idi zai gangaro da carbinsa a hannu, ya shiga jirginsa, ya tsuguna a gindin inji. Akwai wasu kusoshi biyu masu mariƙi da ke damƙe inji a jikin katakon bayan jirgi. Sai ya murɗe su har su saki, ya dafa kan injin kamar mai sallamar baƙo, ya ce, "To, mun gode. In yau za mu rabu, ka gai da gida." Sannan ya mayar da kusoshin ya ɗaure tamau, ya ja igiya, inji ya tashi, a fara lodin masu zuwa kasuwar Wara. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan, ko ruwa ake tsugawa ba ya fashi.

Kawu Idi yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a firamare, da ya yi ritaya kuma ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya sa aka ƙera masa jirgi, ya sayo wannan inji. Ban taɓa ganin mutum yana son ƙarfe kamar yadda yake son sa ba. Yana goge shi da tsohuwar hularsa, yana lulluɓe shi da buhu idan rana ta take, yana jin tarinsa tun kafin ya yi. Amma ka kuskura ka ce "injinka", yanzu zai gyara maka zance, ya ce na aro ne. Sauran masu jirage duk sun ɗaure nasu da sarƙa da kwaɗo saboda ɓarayi, wasu ma sun sa an like kusoshin gaba ɗaya. Shi ya ƙi. Abin mamaki, ba a taɓa sace shi ba, domin ɓarayin yankin sun yanke cewa wanda ke hira da inji da asuba ba haka kawai ya bar shi ba.

Inna ba ta taɓa yarda da wannan ban kwana ba. Mace ce mai noman albasa, ba ta da lokacin dogon zance, kuma ta san yayanta tun yana kuka a kan ɗan tsako. Ta sha faɗa a gaban kowa cewa duk baki ne. "Ku bari ranar da injin ga zai bar hannunai," in ji ta. "Ni da kaina zan kira gari a zo a ga falsafa tana kuka." Ni ma, in faɗi gaskiya, ina bayan Inna. Ina koyarwa a makarantar da ya bari, kuma ba ƙaramar kunya nake ji ba idan iyayen yara suka tambaye ni ko lafiyar kawuna ƙalau.

Asalin abin duk wani littafi ne. Tun yana kwalejin horon malamai ya je sayen tsire a Yelwa, sai ya lura takardar da aka naɗe masa naman tana magana a kan yadda mutum zai yi rayuwa mai kyau. Ya lashe yajin ya karanta, ya koma da gudu, ya tarar mai tsire yana yagar shafuka daga wani littafin Turanci mai kauri. Ya roƙe shi ya bar masa abin da ya rage. Littafin ba bango, ba farko, ba ƙarshe, labarin masu hikima ne na ƙasar Girka, mutanen da suka rayu wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Kawu yakan ce babi uku na farko mutanen Yelwa sun cinye su da albasa da tumatir, shi ya sa har yau suka fi shi wayo a ciniki.

Sunayen mutanen nan suna karya harshe, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Tambaya, wanda ke yawo a kasuwa yana tsare manya da tambayoyi har suka gaji da shi. Akwai Mai Randa, wanda ya bar gida ya tare a cikin wata ƙatuwar randa don ya nuna mutum ba ya bukatar kaya da yawa. Akwai Mai Tsaka-tsaki. Sai wanda ya fi so, Gurgun Bawa, wanda ya koyar cewa abubuwan duniya kashi biyu ne, wanda ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Halinka da niyyarka naka ne, ka gyara su. Dukiya da lafiya da mutanen da kake so kuwa ajiya ce aka ba ka, ka riƙe su da kyau, ka kuma saba wa zuciyarka da ranar da za a karɓe. Daga nan ban kwana da inji ya samo tushe. Liman ya taɓa tambayarsa ko mutanen nan suna salla. Kawu ya ce saƙo bai riske su ba, amma da sun ji huɗubar Liman a kan haƙuri da sun zauna a sahun gaba. Liman bai sake tayar da maganar ba.

Yadda yake ba da labarinsu, sai ka rantse jiya suka rabu a tasha. Matarsa, Iya Hajo, tana amarya ya zauna yana ba ta labarin yadda aka yanke wa Mai Tambaya hukunci, aka miƙa masa ƙoƙon guba, ya shanye yana ta'aziyya ga abokansa maimakon su yi masa. Iya Hajo ta ajiye tankaɗe ta yi salati, ta tambaya ko a Shanga abin ya faru, kuma me ya hana a je gaisuwa. Ita ce kuma ta fara shan ban kwanansa kafin inji. Wata safiya ya tsaya a kanta tana hura wuta, ya ce mata ya gode, in yau za su rabu ta gai da gida. Ta miƙe da muciya a hannu ta ce in ya sake, za ta haɗa kayanta ta tafi gidansu don ban kwanan ya yi amfani. Tun daga ranar ya koma yi mata a zuci. Amma ta san kallon. Da ya tsaya ya zuba mata ido da safe sai ka ji ta ce, "Malam, na gane ka. Ka kai wa injinka."

Mai Randa ma ya taɓa ja masa. Wai mutumin nan ba shi da komai sai ƙoƙon shan ruwa, ranar da ya ga ana sha da tafin hannu ya jefar da ƙoƙon. To Kawu ya ga wani Bafulatani ya kawo shanu mashaya, ya durƙusa ya sha da hannu, abin ya shige shi. Ya dawo gida ya ɗauki kofin silba da yake shan komai da shi ya kyautar wa maƙwabci, ya yi mana jawabi a kan yadda kaya ke bautar da mai su. Iya Hajo ta ci gaba da aikinta. Da gari ya waye ta dama kunun tsamiya, ta sauke shi yana tafarfasa, ta zo gabansa da ludayi ta ce ya tara hannu. Kawu ya dubi ludayin, ya dubi tafinsa.

"Halan ƙasarsu ba a dama kunu," in ji shi.

Da kansa ya je ya karɓo kofin, ya kuma gaya wa maƙwabcin cewa shi ma aro ne ya ba shi.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Sale Guguwa, wani mai jirgi da ake ji da shi a lokacin. Sale ƙato ne, mai fara'a, ga gudu a ruwa, ga lodi har sai bakin jirgi ya kusa sumbatar tafki. Yana yawan cewa tuƙi aikin jarumai ne. Ranar wata kasuwa, ina zaune a rumfar masu kifi, Kawu ya same shi cikin mutane ya gaishe shi da ladabi.

"Sale, an ce kai ne jarumin ruwan ga. Ni jahili na, ka koya min. Mi ake nuhi da jarumta?"

Sale ya yi dariya ya ce rashin tsoro mana. Kawu ya nuna wata akuya da ke tsallaka hanya a gaban babbar mota ko a jikinta, ya tambaya ko ita ma jaruma ce. Sale ya ce a'a, ita ba ta san abin da take yi ba. Kawu ya yi murna ƙwarai, ya ce ashe sai an san haɗarin tukuna. Sale ya ce haka ne, jarumi shi ne wanda ya san haɗari ya kuma afka masa.

"Madalla. Da ran wa zai ahka mai? Da nashi, ko da na matan da sunka biya kuɗin mota?"

"Kuɗin jirgi, Malam."

"Ka ga, har ka hwara gyara ni. Ci gaba."

Nan take Sale ya tuna bai sayi mai ba. Bayan wannan, da ya hango farar hular Kawu sai ya shige bayan kwandunan kifi, duk girmansa. Kawu kuma abin ya dame shi da gaske, domin a cewarsa ba su gama ba, shi ma bai san amsar ba.

Shi nasa jirgin jan layi gare shi. Ya sa fenti ya zana shi a gefe daga kai har gindi, kuma da ruwa ya taɓa layin an gama lodi. Wannan aikin Mai Tsaka-tsaki ne, wanda ya ce kowane hali nagari yana zaune tsakanin munana biyu, kamar yadda kyauta ke tsakanin rowa da almubazzaranci. Kawu ba ya tashi da jirgi rabi don tsoro, ba ya kuma wuce layi don kwaɗayi. An zage shi a kan layin nan, an roƙe shi, an haɗa shi da Allah, bai taɓa matsawa ko da faɗin yatsa ba.

Sai ranar albasar Inna. Lokacin rani ne, ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafki ya shanye tun da aka tare kogi sun matso kusa da sama, ba a ganinsu sai an hau. Ina cikin jirgin Kawu na riga na zauna, ruwa ya taɓa layi, sai ga Inna da buhu shida a kan amalanke. Kawu ya ce ta yi haƙuri ta jira sawu na biyu. Inna ta ce kafin sawu na biyu dillalai sun watse, ya sauke wani. Ya ce duk sun riga ta zuwa.

"Yaya, ni ta hwa, Balki. Nonon da ka sha shi na sha."

"Na sani, Balki. Ruwa na bai sani ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta sa aka juya amalanke zuwa jirgin Sale, wanda dama ya cika amma ya ce akwai wuri. Ni kuwa na cika na yi fam. Na ce a raina wannan wace irin hikima ce da za ta sa mutum ya kunyata ƙanwarsa a bainar jama'a saboda fenti. Da jirgin Sale ya zo wuce mu a tsakiyar ruwa, Inna ta kawar da kai.

Ba su yi mana nisa sosai ba muka ji ƙarar, kamar an fasa ƙaton icce da gatari. Jirgin Sale ya hau kututture, cikinsa ya tsage, ya karkata ya fara shan ruwa. Kafin mu gama salati mutane sun watsu a tafki, wannan ya rungumi jarka, wancan ya rungumi buhu. Ƙananan jiragen masunta suna can nesa, sun taso amma da filafili suke tuƙi.

Abin da na gani daga nan shi ya sa nake wannan rubutu. Mutumin da ke ɗaukar rabin sa'a kafin ya amsa gaisuwa, ranar bai yi shawara da kowa ba. Ya juya jirgi, ya kashe inji tun kafin mu isa don kada farfela ta sari wani, ya ce kowa ya jefa kayansa a ruwa. Muryarsa ko rawa ba ta yi. Shinkafa, gero, kwandunan kifi, duk suka tafi. Muka shiga jawo mutane ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa kowa inda zai zauna don kada mu kife. Jan layin nan da ya hana ƙanwarsa shiga ya nutse, ban ga ya ko waiwaye shi ba.

Aka kwashe kowa, saura biyu. Sale ya maƙale kututturen da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya cukwikwiye zanen Inna, wadda ba ta iya iyo ba, kanta yana nutsewa yana tasowa. A lokacin ruwa ya fara lasar bayan jirginmu, wajen da nauyin inji yake, yana zubowa kaɗan-kaɗan. Wani dattijo ya ce kada a ƙara ko kaza, a jira masunta. Sale ya ce hannunsa ya mutu, ba zai kai ba.

Kawu ya tsuguna a gindin inji, daidai yadda yake yi kowace asuba. Kusoshin nan da ake murɗewa kullum shekara goma sha ɗaya ba su san tsatsa ba, suka saki kamar an shafa musu mai. Ya sa kafaɗa ya tura. Injin ya tafi ƙasa, tankin mai ya bi shi, bayan jirgi ya ɗago. Ko "mun gode" bai tsaya cewa ba. Ya miƙa hannu ya kamo Inna, muka taru muka jawo ta. Da da sarƙa da kwaɗo a jikin injin nan kamar na kowa, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Sale da bakinsa ya ce mu tafi, shi zai jira masunta a kan kututture, kuma ya jira har suka ɗauke shi. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da aka fito da shi gaɓa yana kakkarwa, Kawu ya je ya lulluɓa masa rigarsa, ya ce masa yau ya ba shi rabin amsar tambayar nan. Sale ya ce don Allah a bar sauran rabin sai ya warke.

Masu nutso sun yi kwana uku suna neman injin, amma wurin tsohuwar hanyar kogi ce, zurfinta ya fi ƙarfinsu. Ni dai washegarin abin nake so ku ji. Da asuba Inna ta tashe ni, jikinta duk ciwo, ta ce in raka ta bakin ruwa. Na ɗauka alkawarinta za ta cika. Muka tarar Kawu ya riga mu, ya shiga jirgi ya tsuguna a inda ya saba. Hannunsa ya tafi neman kusoshi, bai samu komai ba sai tabo biyu da suka bari a jikin katako. Ya shafa su. Sai ga hawaye, ba ɗan kaɗan ba, har gemu, kafaɗunsa suna girgiza.

Ga falsafa tana kuka, ga mutane sun fara gangarowa. Inna ta shiga ruwa har gwiwa, ta tsaya a gabansa ta ba jama'a baya, ta ware mayafinta da hannu biyu ta kare shi. Haka ta tsaya har ya gama, duk wanda ya matso ta ce masa yau ba lodi, ya wuce. Har ta koma ga Allah ban ƙara jin ta ce baki ne ba. Takan dai ce har yanzu yana da bayanin da zai yi mata a kan albasarta.

Bayan an kwana biyu, ina karanta masa littafin nan domin idonsa ya yi rauni, na kasa haƙuri na tambaye shi. Na ce Kawu, shekara goma sha ɗaya kana shiri, ya aka yi kuma abin ya yi maka ciwo haka? Ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, halan wurin da anka yi bayanin hana ciwo yana cikin shahukan da anka ci da tsire. Ni abin da na samu cikin nawa rabon, da lokaci ya yi hannuna bai tsaya tambayata ba."

Na rufe littafin. Ni da nake jin kunyar a ce kawuna ne, ranar na ji ban isa in ɗaukar masa buta ba.

Bai sake sayen inji ba. Ya koma tuƙi da filafili, yana kai mutane gajeren zango, yana tsare su da tambayoyi tun da yanzu tafiyar ta ƙara tsawo kuma ba wurin gudu. Shekara huɗu ya yi a haka. Ciwon ajalinsa bai wuce mako biyu ba. Safiyar ƙarshe muna zaune da Iya Hajo a gefensa, hantsi ya fara shigowa ta ƙofa, sai ya buɗe ido ya zuba mata kallon nan da ta yi shekara arba'in tana kora. Na ga ta gane. Ta gyara masa matashi, ta matso kusa.

"Malam, yau ka hwaɗa a hili."

"Hajo, mun gode."

Ta riƙe hannunsa ta ce, "Mu ma mun gode. Ka gai da gida."

Ya Allah, Kai ka ba mu aronsa, Ka kuma karɓi abinka. Ka gafarta wa Kawu Idi, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da Inna a inda ba sauran rabuwa. Mu da muka rage, Ka ba mu hannun da zai iya saki idan ranar ta zo. Amin.